Kafin Ka Saya Wa Yaronka Layin Waya: Bayani Ga Iyayen Ɗalibai A Jibiya

 

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne ƙorafin da wani uba ya kawo mana makaranta a zangon karatun da ya wuce. Ya ce ya saya wa ɗansa waya, ya sa masa katin dubu biyu ranar Juma'a, kafin Litinin babu ko kwabo. Ya tsare yaro da tambaya, yaro ya yi ta rantsuwa bai kira kowa ba, har dai aka kai ga bulala. Da muka karɓi wayar muka duba, sai muka tarar yaron bai yi ƙarya ba. Ranar Asabar an aike shi wajen gwaggonsa can gefen Magama, wayar ta saki sabis ɗin gida ta kama na Nijar, ga data a kunne, kuɗin suka zurare yana tafe bai sani ba. Uban ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe na doki yaron nan a banza."

To, don kada a sake dukan wani yaro a banza, kuma kada dukiyar iyaye ta riƙa tafiya a iska, muka ga ya kamata mu yi ɗan bayani a kan yadda ake zaɓar wa matashi layi da tsarin kira da data, musamman a gari irin namu da ke bakin iyaka.

Waiwaye kaɗan

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A wancan lokaci layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Glo ya zo aka fara lissafi da daƙiƙa. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya shigo a 2008, ya koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma ya ɗauki sunan T2. A da waya ta alhazai ce da manyan ma'aikata. Yau kuwa ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ma cewa yake duk 'yan ajinsu suna da ita, shi kaɗai ya rage. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Kun ga ke nan abin ya wuce a sa kati kawai a miƙa wa yaro, sai da lissafi.

Layin na wa ne?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi mantawa. Tun a watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma layin da ba a haɗa ba an rufe shi. Haka nan a ƙa'idar NCC, wanda bai kai shekara 18 ba ba ya yin rajistar layi da kansa, sai dai uba ko uwa ko mai riƙonsa su yi da sunansu su ba shi. Ma'anar wannan a fili take. Layin da ke hannun ɗanka ɗan shekara 15, a wurin hukuma naka ne, da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Duk abin da aka aikata da shi, kai za a fara nema.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san halin da yankinmu ya shiga na rashin tsaro. Idan yaro ya ara wa wani baƙo waya a tasha ko a kasuwar Lahadi, aka kira wani aka yi masa barazana ko aka nemi kuɗin fansa, lambar da za ta fito ta mai gida ce. Saboda haka a ja wa yaro kunne tun ranar farko: ba a ba da aron layi, ba a cire shi a sa wa wani a tasa wayar, ba a sayar da shi. Kuma kada a kuskura a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, irin wanda ake cewa "sa ka yi kira". Doka ta hana, sannan ba ka san da sunan wa aka yi shi ba, ba ka san me aka aikata da shi kafin ya zo hannunka ba, kuma ranar da ya ɓace ba ka da hanyar dawo da shi. Araha ba ta ado. Ka je ofishin kamfani ko wurin wakilinsu da aka sani, ka yi da kanka, ka ajiye kwalin layin a gida.

Gari ɗaya, sabis biyu

Yanzu ga abin da ya bambanta mu da mutanen Katsina ko Kano. Daga Jibiya zuwa Maraɗi kimanin kilomita 50 ne, kusan daidai da nisanmu da birnin Katsina, kuma da ka wuce Magama ka doshi Ɗan Isa. Turakun sadarwa ba su san shingen kwastan ba. Sabis ɗin Nijar yana ƙetarowa wajenmu, namu ma yana ƙetarawa wajensu. Ita kuwa waya, in an bar ta a kan zaɓin kanta, idan ta rasa sabis ɗin gida wani take nema. Idan na gida ya yi rauni, a wasu layukan sai ta haye na maƙwabta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wannan shi ake kira romin, wato layi ya hau sabis ɗin wata ƙasa. Daga nan lissafi ya sauya: kira ya yi tsada, data ta yi tsada ninkin ba ninkin, a wasu tsare-tsaren ko amsa kira ka yi sai an cire maka kuɗi, alhali kana tsaye a ƙasarku. Datar da ka saya ta wata ko ta mako ba ta aiki a can, daga cikin katinka za a riƙa yanka.

Ana gane hakan da alamu uku. Sunan kamfanin da ke saman fuskar waya zai sauya, ko ƙaramin harafin R ya fito kusa da sandunan sabis, ko saƙo ya shigo yana yi maka maraba da zuwa Nijar. Maganinsa kuma abu biyu ne da ba su wuce minti biyar ba. A shiga saitin waya a kashe datar romin gaba ɗaya. Sannan a wurin zaɓen sabis a cire shi daga "zaɓi da kanka", a zaɓar mata kamfanin layin da hannu. In an yi haka, wayar ta gwammace ta zauna babu sabis da ta haye na wani. Wanda bai iya ba ya kai wa masu gyaran waya ko masu caji, su yi masa a gabansa.

Sai kuma maganar zumunci. Da wuya ka sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a Ɗan Isa ko Madarumfa ko Maraɗi. Kiran lambar Nijar, mai farawa da +227, kiran ƙasar waje ne ko da wanda kake kira yana hango rufin gidanku. Kuɗinsa daban ne, kuma galibi mintocin kyauta da bonas ba sa shiga ciki. Idan yaro yana yawan gaisawa da kakarsa ko kawunsa a can, kiran murya ta WhatsApp ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ita data ba ruwanta da inda wancan yake, kuma kiran murya bai cika cin megabait ɗaya a minti ba. Wanda kuwa yake zuwa hutu can yana daɗewa, gara ya yi amfani da layin can, irin su Airtel na Nijar ko Moov ko Zamani, wanda wani babba daga cikin dangi ya yi wa rajista, a sa masa kati da sefa. Yawancin wayoyi yanzu masu layi biyu ne. Amma a lura, Airtel na nan da Airtel na can lissafinsu daban.

Wane kamfani?

Mutane kan tambaye mu wanne ya fi. Amsar ita ce, wanda ya fi kamawa a inda yaron yake kwana da inda yake karatu. Wanda yake da ƙarfi a cikin gari ba lalle ne ya yi ƙarfi a Faru ko Daddara ko Bugaje ba, wani lokaci ma unguwa da unguwa sukan bambanta. Kada talla ta ruɗe ka. Ari wayar maƙwabci ka gwada a cikin ɗaki, ka gwada da daddare lokacin da kowa ya hau, ka tambayi masu POS na unguwa, domin su da sabis suke cin abinci, sun fi kowa sanin wanda yake ɗaukewa. Sannan ka duba layin da mutanen gida suke riƙe da shi, saboda tura wa juna kati da data sai a kamfani ɗaya yake yiwuwa. Idan kuma an riga an saya daga baya aka ga bai yi ba, tun 2013 an ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa ba tare da ta sauya ba. Ana yin haka a ofishin kamfanin da za a koma.

Kati, data da tarkunan da ke ciki

Kowane kamfani yana da tsare-tsare, kuma kusan duk sun kasu gida biyu. Akwai mai ba da bonas mai yawa idan ka sa kati, amma kuɗin minti a cikinsa ya fi tsada, bonas ɗin kuma yana da wa'adi, in bai ƙare ba ya ƙone. Akwai kuma wanda ba ya ba da komai amma mintinsa da sauƙi. Yaron da kiransa bai wuce "Baba an tashe mu" da "Inna me za a sayo" ba, na biyun ya fi dacewa da shi. Bonas mai yawa koya wa yaro dogon surutu yake yi, don yana ganin in bai cinye ba ya yi asara.

Data ita ce babbar rijiyar da kuɗi ke faɗawa. Gigabait ɗaya kimanin megabait 1,000 ne. Saƙon rubutu kusan ba ya cin komai, saƙon murya kaɗan yake ci, hoto ya ɗara, bidiyo kuwa shi ne kura. Awa ɗaya ta kallon TikTok ko YouTube tana iya cinye ɗaruruwan megabait, in hoton mai kyau ne har ta doshi gigabait guda. Yaron da yake karɓar darasi da jadawalin jarrabawa ta zauren WhatsApp na ajinsu ba ya bukatar data mai yawa. Wanda kullum datarsa take ƙarewa, to ba karatu ne ke cinye ta ba.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara yaro yana karɓar naira 200 kullum yana sayen datar yini. A ido ba komai ba ne. Amma a wata ya kama naira 6,000, a shekara naira 73,000. Da yawa daga cikinmu ba mu kashe wa yaro ɗaya haka a littattafai da kuɗin makaranta ba. Datar wata ta fi ta yini araha idan aka auna gigabait da gigabait, sai dai in ka zuba wa matashi ta wata guda a lokaci ɗaya, kwana huɗu ya cinye ta ya dawo yana sosa ƙeya. Abin da muka ga ya fi shi ne ta mako, a rana sananniya, misali kowace Juma'a. In ta ƙare ranar Talata, sai ya jira. Da haka yake koyon tattali, wanda shi ma darasi ne. Wata hanyar kuma, uba ko uwa su sayi babba a layinsu su riƙa gutsura masa, ko su kunna masa ta wayarsu ya kama a tsakar gida a lokacin da aka ware.

Ga tarkuna huɗu da ya kamata a sani. Na ɗaya, sabuntawa da kanta: wasu tsare-tsaren in sun ƙare sukan sake saye daga katin da ke ciki ba tare da tambaya ba, saboda haka a zaɓi saye na sau ɗaya. Na biyu, waƙar kira da saƙonnin ƙwallo da na wasanni, waɗanda yaro kan danna bisa kuskure a riƙa cire masa kuɗi kullum ko duk mako. Na uku, rancen kati: abin da aka saba shi ne a cire kashi 15 cikin ɗari tun kafin a ba ka, wato ka ranci 100 a ba ka 85, ka biya 100. Ban da asarar, bai kamata yaro ya buɗe ido da cin bashi ba. Na huɗu, datar dare, wadda ake sayarwa da arha daga wajen sha biyun dare zuwa asuba. Arharta gaskiya ce, amma da barcin yaro ake biya. Mu malamai muna gane masu datar dare tun daga bakin ƙofa: ido ja, hamma, hadda ta zube, sallar asuba kuwa sai rana ta fito.

Wace irin waya?

Ba kowane yaro ne yake bukatar babbar waya ba. Idan manufar ita ce a san inda yake, a kira shi ya kira, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar, wadda yara ke yi wa laƙabi da rakani-kashi. Tana riƙe caji kwana da kwanaki, ɓarawo bai damu da ita ba, ba ta cin data. Ga ɗan ƙasa da shekara 15 ita muka fi ba da shawara. Su kansu masu Facebook da TikTok da WhatsApp sun rubuta a ƙa'idarsu cewa ɗan ƙasa da shekara 13 ba ya buɗe shafi. Ƙasar Ostareliya ma ta wuce nan, domin daga Disamba 2025 dokarta ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta. In waɗanda suka fi mu sanin abin suna ɗaure shi, mu bai kamata mu sake shi ba.

Idan karatu ya kai inda sai da babbar waya, akwai manhajar Family Link ta kamfanin Google, kyauta ce, tana ba uba damar ƙayyade awannin da wayar za ta yi aiki, da rufe ta da dare, da hana sauke wata manhaja sai da izininsa. A cikin WhatsApp kuma a kashe saukar da hoto da bidiyo da kansu. A kula da manhajojin caca na ƙwallo da na ba da bashi, domin su ne suka fi cin samari a yanzu. A kuma koya wa yaro, mace ko namiji, cewa duk wanda ya kira ya ce an ci kyauta, ko ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo ta tes, ko ya nemi lambar BVN ko NIN ta wani a gida, ɗan damfara ne, a kashe a faɗa wa babba.

Mai shirin jarrabawar JAMB

Wannan ya shafi 'yan ajin ƙarshe. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta NIN, kuma ɗalibi yana fara rajista ne da tura lambarsa ta NIN ta tes zuwa 55019 ko 66019. Layin da aka tura da shi ya zama nasa a wurin hukumar, da shi zai duba sakamako, ta nan saƙonninsu za su riƙa zuwa. Ba a amfani da layin da wani ɗalibi ya taɓa yin rajista da shi, saboda haka na yayansa ba zai yi ba. A tabbata akwai kati na ainihi a ciki, don bonas ba ya biyan wannan saƙo. Kuma a riƙe layin da kyau har yaro ya shiga makaranta. Layin da aka ajiye wata shida ba kira ba sa kati kamfani yana iya rufe shi, in an ƙara jimawa a sayar wa wani. Ko ba a amfani da shi, a riƙa sa masa ɗan kati ana kira lokaci-lokaci.

Lambobin da za a rubuta a ajiye

Tun 2023 NCC ta daidaita waɗannan lambobi, iri ɗaya ne a kowane kamfani na Nijeriya:

*310# duba kuɗin da ya rage
*311# sa kati
*312# sayen data
*323# duba datar da ta rage
*321# tura wa wani
*305# dakatar da abubuwan da ake cire wa kuɗi
300 magana da ma'aikatan kamfani
2442 a tura STOP don hana saƙonnin talla
622 kai ƙara wurin NCC, kyauta, idan kamfani bai share maka hawaye ba

Ranar da babu sabis

Kada mu manta da watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Jibiya, sai a watan Disamba aka fara mayarwa. Wata uku wayoyi suka zama fitila da rediyo. Darasin da ke ciki shi ne kada tsaron yaro ya rataya a kan waya kaɗai. Ya haddace lambar babansa da ta wani babba guda a ka. Ya san gidan da zai nufa in wani abu ya taso yana makaranta ko kasuwa. Ya saba faɗin inda za shi da baki kafin ya fita, kamar yadda aka tashe mu.

Daga ƙarshe, ranar da za a miƙa wayar a zauna da yaro, uwa tana wurin, a yi magana a fili. Nawa za a riƙa sa masa, kuma wace rana. Ƙarfe nawa wayar za ta koma ɗakin iyaye ta kwana. Ba a zuwa da ita aji, na boko ko na Islamiyya. Iyaye sun san lambar buɗe ta, kuma suna da ikon dubawa a gabansa, ba a ɓoye ba. In ya kiyaye wata uku a ƙara masa, in ya saɓa a rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma iyaye mu duba kanmu, domin uban da yake cin tuwo da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, zai yi wuya ɗansa ya ji maganarsa a kan wannan. Idan kuma kuɗi suka ɓace a wayar yaro, a duba wayar tukuna kafin a ɗauko bulala.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu, ya zaunar da garinmu da maƙwabtanmu lafiya.